Filin Ilmin Zamani: Mai Auna Ruwan Dagona Da Matsalar Sake Muhalli A Python

Duk wanda ya san ƙasar Bade ya san cewa arzikinta a bakin ruwa yake. Kogin Haɗeja da na Jama'are, bayan sun ratso Jihohin Kano da Jigawa da Bauci, sukan bazu cikin fadamun da ke tsakanin Haɗeja da Nguru da Gashuwa, sa'an nan su haɗu su zama kogin Yobe wanda ya nufi Tafkin Cadi. Cikin waɗannan fadamu ne tafkin Dagona yake, inda dinya da kirinjijiya da zalɓe suke kiwo tare da agwagin da kan taso daga Turai kowace shekara don gudun sanyi. Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokaci, ya ziyarci wurin cikin 1989. Cikin shekarar 2000 aka shigar da tafkin Nguru da mashigin Marma, masu faɗin hekta 58,100, cikin jerin fadamun duniya na yarjejeniyar Ramsar, shi kuwa tafkin Dagona mai hekta 344 aka shigar da shi cikin 2008.

To, amma tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga cikin 1974, aka kuma bi ta da ta Calawa cikin 1992, tafiyar ruwan nan ta sake. Inda dā ruwa kan malala da damina ya janye da rani ya bar wa manomi laka mai albarka, sai wasu mashigai suka riƙe ruwa shekara sukutum, ciyawar kacala ta cushe su, wasu fadamun kuwa suka bushe. Saboda haka tambayar da ta fi damun manomin shinkafa da masunci da makiyayi ita ce: ruwa nawa ya iso bana, kuma ya fi na bara ko ya kasa? Da amsar wannan tambaya ce ake muhawara da masu riƙe da madatsun ruwa a kan yawan abin da ya kamata su saki. Wanda ya je wurin wannan muhawara da lissafin da ba shi da inganci, lalle ya kayar da kansa, ya kuma kayar da jama'ar da ya je yi wa magana.

A yau da hotunan taurarin ɗan Adam ake yin irin wannan awo. Taurarin Landsat na Amurka suna ɗaukar hoton ƙasa tun 1972, cikin 2008 kuma aka buɗe taskar hotunansu kyauta ga kowa. Turawa su ma sun harba nasu mai suna Sentinel-2 cikin 2015. Kowane ɗigo a hoton Landsat yana wakiltar fili mai tsawon mita 30 da faɗin mita 30, watau tafkin Dagona duka bai wuce ɗigo 3,800 da 'yan kai ba, na Nguru da Marma kuwa ya haura ɗigo 640,000. Ba a ƙirga irin wannan da hannu, sai da kwamfuta, ɗaya daga cikin harsunan da aka fi amfani da su wajen ba ta umarni kuwa shi ne Python, wanda wani ɗan ƙasar Holan, Guido van Rossum, ya fitar cikin 1991. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Gashuwa cikin 2013, ɗan Bade ko ɗan Nguru da ke son koyon wannan ilmi ya sami makaranta a ƙofar gida.

A wannan mako filin nan zai duba wata 'yar matsala da kan tare ɗalibi da zarar ya fara nisa a wannan harshe. Ƙarama ce a ido, amma tana iya ɓata lissafin shekara guda ba tare da mai shi ya sani ba.

Mene Ne Keɓaɓɓen Muhalli?

Python shi kaɗai bai iya karanta hoton tauraro ba. Sai an ɗora masa ƙunshin kayan aiki waɗanda wasu suka rubuta: NumPy don lissafin lambobi masu yawa, pandas don jera bayanai, rasterio da GDAL don buɗe hotunan ƙasa. Kowane ɗayansu yana da bugu iri iri kamar yadda littafi yake da bugu na farko da na biyu, kuma sau da yawa aikin da aka rubuta da tsohon bugu ba ya tafiya da sabo. Alal misali, da aka fitar da NumPy 2.0 cikin watan Yuni na 2024, ƙunshe-ƙunshe da yawa waɗanda aka gina a kan tsohon bugu sun ƙi tashi, sai da masu su suka sake gina su.

Manomi mai hankali ba ya zuba gero da dawa da shinkafa cikin rumbu ɗaya. Haka su ma masu wannan sana'a suka ga cewa ya kamata kowane aiki ya sami rumbunsa. Cikin 2007 wani mai suna Ian Bicking ya fitar da virtualenv, cikin 2012 kuma aka shigar da irin wannan dabara cikin Python kansa, daga bugu na 3.3, da sunan venv. Akwai kuma conda, wanda masu binciken kimiyya suka fi so domin yana iya ɗauko kaya masu wuyar haɗawa kamar GDAL. Abin da duk suke yi shi ne su keɓe wata jaka a cikin kwamfuta, su sa mata nata Python da nata kayan aikin, yadda abin da aka zuba a nan ba zai taɓa na can ba. Wannan jaka ita ce keɓaɓɓen muhalli. Ɗalibi yana iya buɗe ɗaya don aikin auna ruwan Dagona, ya buɗe wani dabam don lissafin ƙidayar tsuntsaye ta watan Janairu.

Inda Ake Tuntuɓe

Hanya biyu ake aiki da Python. Ko dai mutum ya rubuta umarninsa duka a fayil ya tura shi gaba ɗaya, ko kuwa ya shiga zauren tambaya da amsa, inda zai rubuta layi ɗaya kwamfuta ta amsa masa nan take, ya duba, ya ƙara wani. Mafi shahara cikin irin waɗannan zauruka shi ne IPython, wanda Fernando Pérez, ɗan ƙasar Kolombiya, ya fara cikin 2001, daga cikinsa ne kuma Jupyter ya tsiro cikin 2014. Masu bincike suna son zauren nan domin duk abin da aka ɗora masa yana nan riƙe a ƙwaƙwalwar kwamfuta muddin ba a rufe shi ba.

A ƙaddara ɗalibi ya shiga zaure tun da hantsi, ya ɗora hotunan Dagona na shekara goma, ya tace su, kwamfuta ta yi awa biyu tana niƙa. Can sai ya nemi wani ƙunshi, kwamfuta ta ce babu shi. Ashe cikin muhallin ƙidayar tsuntsaye ya buɗe zauren. Ga shi ba ya son rufewa domin kada aikin awa biyu ya tafi a banza, balle a garin da wutar lantarki ba ta da tabbas, batirin kwamfuta kuma ya yi rabi. Abin da yakan fara zuwa masa a rai shi ne ya sake muhalli daga nan inda yake zaune. IPython ya yarda a tura umarni zuwa waje idan aka sa alamar motsin rai a gabansa, don haka sai ya rubuta:

!source dagona/bin/activate

Kwamfuta ba za ta yi ƙorafi ba, ba kuwa za ta nuna kuskure a galibi ba. Sai ɗalibi ya ɗauka buƙata ta biya, alhali kuwa babu abin da ya motsa.

Dalilan Da Suka Hana

Dalili na farko yana cikin yadda kwamfuta take raba aiki. Duk sa'ad da aka tura umarni da wannan alama, zauren yakan tayar da wani ɗan ƙaramin aiki dabam ya ba shi saƙon, kamar maigidan da ya aiki yaro. Yaron yakan gaji duk abin da maigidan ya sani a lokacin, amma duk abin da ya sake wa kansa ba ya komawa kan maigida. Ya je ya shiga sabon ɗakin da aka ce, ya fito, aikensa ya ƙare, maigida kuwa yana nan a kan shimfiɗarsa a tsohon ɗaki. Haka tsarin yake a Linux da Windows da macOS baki ɗaya.

Ya kamata kuma a san cewa shi kansa umarnin activate ba wani abin mamaki yake yi ba. Kwamfuta tana da jerin wuraren da takan bi ɗaya bayan ɗaya idan an kira sunan wata manhaja, ana ce wa jerin PATH. Abin da activate yake yi shi ne ya sa jakar muhallin a kan gaba cikin jerin, domin in an sake kiran Python a sami na muhallin da farko. Watau yana gyara hanya ne ga Python da za a tayar nan gaba. Shi kuwa wanda ya riga ya tashi, tun a daƙiƙar farko ya duba inda yake zaune, ya nemi wani ɗan fayil mai suna pyvenv.cfg, ya tsai da rumbun da zai riƙa ɗiba.

Dalili na biyu ya fi na farko nauyi. Wanda ya ɗan ƙware yana iya cewa, ai ana iya gyara jerin rumbunan daga ciki, tun da yake Python ya ajiye shi a wani wuri mai suna sys.path wanda kowa zai iya taɓawa. Gaskiya ne ana iyawa, har ma virtualenv yakan zo da wani fayil mai suna activate_this.py wanda aikinsa ke nan, ko da yake venv ba shi da shi. Sai dai duk ƙunshin da Python ya riga ya ɗauko yakan adana shi a ƙwaƙwalwa, in an sake neman sa ya miƙo na hannu ba tare da ya koma rumbu ba. Matar da ta riga ta yi talge da garin dawa, ko an buɗe mata rumbun shinkafa, abin da ke cikin tukunya tuwon dawa ne. Ta haka sai a sami tsohon NumPy yana aiki tare da sabon rasterio, haɗin da babu wanda ya taɓa gwada shi. Bugu da ƙari, irin waɗannan kaya ana gina wani sashe nasu da harshen C domin wani bugun Python takamaimai. Wanda aka gina wa Python 3.9 ba zai tashi a 3.12 ba, kuma babu wani gyaran jeri da zai mai da Python mai gudana daga wannan bugu zuwa wancan. Shi ya sa IPython kansa, idan ya ga an tayar da shi daga waje ana so ya yi aiki da wani muhalli, yakan yi gargaɗi ya ba da shawarar a ɗora shi cikin muhallin.

Kuskuren Da Ba Ya Ihu

Idan wannan gauraye ya sa kwamfuta ta tsaya cak, an yi sa'a, domin mai aiki ya san akwai gyara. Abin tsoro shi ne ta ci gaba ta ba da amsa. Ga misali daga aikin auna ruwa. Wata sananniyar hanya ta gane ruwa a hoton tauraro, wadda McFeeters ya wallafa cikin 1996, ta dogara ga cewa ruwa yana mai da hasken kore amma yana shanye wani haske da ido ba ya gani. Sai a ɗebe na biyu daga na farko, a raba da jimlarsu, duk ɗigon da ya ba da amsa sama da sifiri a lissafa shi ruwa. A ce wani ɗigo a tsakiyar Dagona ya ba da 600 da 200. An ɗebe, saura 400, jimla kuwa 800. Python 3 zai ce 0.5, watau ruwa. Python 2 kuwa, wanda yakan yar da ɓurɓushi idan ana raba cikakkun lambobi, zai ce sifiri, watau busasshiyar ƙasa. Umarni ɗaya, hoto ɗaya, amma a muhalli guda tafki ya cika, a ɗayan ya ƙafe. An daina kula da Python 2 tun ranar 1 ga Janairu 2020, amma tsofaffin ayyukan da aka rubuta da shi suna nan a hannun mutane, kuma NumPy 2.0 shi ma ya sake ƙa'idar haɗa lambobi masu bambancin nau'i, abin da kan iya sake amsa ba tare da gargaɗi ba.

Kada a ce wannan tsoron ɗalibai ne kurum. Cikin 2019 wasu masana kimiyyar sinadarai a Jami'ar Hawaii ta Amurka suka gano cewa wani rubutun Python da aka wallafa cikin 2014, wanda masu bincike da yawa suka dogara da shi, yana ba da amsa dabam dabam gwargwadon irin kwamfutar da aka sa shi, saboda bambancin yadda kowace take jera fayiloli. Shekara biyar ana amfani da shi kafin a farga. In haka ta faru a manyan ɗakunan bincike, to wanda ke aiki shi kaɗai a ɗakin kwanan ɗalibai ya fi kowa bukatar taka tsantsan.

Hanyar Da Ta Dace

Abu na farko, mutum ya tambayi kwamfuta inda yake kafin ya fara aiki, kamar yadda matafiyi kan tambayi direba inda motar ta nufa kafin ya biya kuɗi. Layi biyu sun isa:

import sys
print(sys.executable)

Amsar za ta nuna ainihin Python da ke gudana da jakar da yake ciki. In ba ta nuna muhallin da ake nufi ba, a fita tun ba a yi nisa ba.

Na biyu, in an riga an yi nisa, sai a adana abin da aka samu a fayil, a rufe zauren, a kunna muhallin da ake so daga waje, a sake shiga, a ɗauko abin da aka adana. Wanda ya saba adana sakamakon kowane mataki ba ya tsoron rufe zaure, ba ya kuma tsoron ɗaukewar wuta, domin maganin ɗaya ne.

Na uku, ga masu aiki da Jupyter akwai sauƙi. Shi Jupyter ya raba shafin da ake rubutu da injin da ke yin lissafi a baya. Ana iya ɗora ipykernel cikin kowane muhalli, a yi masa rajista sau ɗaya da wannan umarni:

python -m ipykernel install --user --name dagona

Daga nan sunan muhallin zai bayyana cikin jerin injinan da za a zaɓa. Abin lura a nan shi ne, sake inji yana nufin an kashe tsohon an tayar da sabo. Rubutun da ke shafi yana nan, amma abin da ke ƙwaƙwalwa ya tafi, sai an sake bin matakai daga farko. Ko shi Jupyter bai karya ƙa'idar ba, ya dai gajarta tafiyar.

Na huɗu, idan ƙunshi ɗaya ne kawai ya rasa, ba sai an sake muhalli ba. Tun 2019 IPython ya zo da umarnin %pip install, mai alamar kashi cikin ɗari a gaba, wanda yake zuba kaya cikin muhallin da zauren yake ciki. Wanda ya sa alamar motsin rai a maimakonta yana iya zuba kayan cikin wani rumbu dabam, ya dawo yana mamakin me ya sa ba a gan su ba.

Ga Wanda Intanet Ke Yi Wa Tsada

Ƙorafin da aka fi ji shi ne kowane sabon muhalli yana cin kuɗin data, don haka ɗalibai sukan kwafi jakar muhalli a filas su miƙa wa juna. Wannan ba ya ɗorewa, domin muhallin venv yakan rubuta adireshin inda aka gina shi cikin fayilolinsa, in an kai shi wata kwamfuta sai ya riƙa neman gidan da babu. Abin da ya fi shi ne mutum ɗaya ya sauko da ƙunshe-ƙunshen da umarnin pip download, a zuba su a filas, kowa ya gina nasa muhallin ya ɗora su daga filas ɗin ba tare da intanet ba, muddin bugun Python da irin kwamfutar sun dace da juna. Aji guda yana iya yin karo-karo ya sayi data sau ɗaya.

Har ila yau, duk wanda ya gama aiki ya rubuta sunayen kayan da ya yi amfani da su da bugunsu. Umarnin pip freeze yakan fitar da jerin duka, a zuba shi a wani ɗan fayil da aka saba kira requirements.txt, a haɗa da bugun Python, a ajiye tare da sakamakon. Malaman da ke duba kundin bincike na ɗalibai suna da hakki a nan: ya kamata su riƙa neman wannan fayil kamar yadda suke neman taswira da jadawali, su kuma ɗauki aikin ɗalibi ɗaya ko biyu su sake gudanar da shi a wata kwamfuta su ga ko amsa za ta fito daidai.

Dalili kuwa shi ne, auna fadama aiki ne na shekaru. Tun 1987 aka kafa shirin kula da fadamun Haɗeja da Nguru, ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya kuwa ana yin ta kowane Janairu tun 1967, kuma amfanin irin wannan tarihi yana ga iya gwada bana da shekarun baya. Idan ɗalibin 2025 ya ce ruwan Dagona ya kai kaza, na 2035 ya zo ya sami wani adadi, dole a iya rarrabewa ko tafkin ne ya sake ko kuwa kayan awon. In ba a iya ba, to manomin Gashuwa da masuncin Nguru sun rasa hujjar da za a kai gaban hukuma a madadinsu. Minti biyar na rufe zaure da sake buɗe shi a muhallin da ya dace bai kai wannan hasara ba. Allah Ya ba ɗalibanmu haƙuri da basira, Ya kuma albarkaci fadamun Bade da ruwa mai amfani, amin.